Koyon Faɗa a New Eden: Littafin Kwanaki daga Filinge

Lahadi

Yau kasuwar Filinge, tun hantsi amalanke da raƙuma suka cika hanya, amma ni cinikina a wata kasuwa na yi shi, wadda ake kira Rens, ban ko taka ƙofar gida ba. Ɗan ƙanwata ya zo hutu daga Yamai, inda yake karatu a Jami'ar Abdu Mumuni. Tun damina ya bar mani tsohuwar ordinatarsa da wasan EVE Online a ciki, ya nuna mani yadda ake haƙar duwatsu a sararin samaniya a sayar. Yau da ya duba abin da na yi a bayansa, dariya ya yi har da riƙe ciki.

"Kawu, wata da watanni kana fasa dutse? Ai ba ka fara wasan ba tukuna."

Ga wanda bai san shi ba, wani kamfanin ƙasar Aislan mai suna CCP ne ya fito da wasan a 2003. Duniyarsa sunanta New Eden, taurari fiye da 7,000, ƙofofi ne ke haɗa yawancinsu, kuma in aka cire ƙasar Sin mai nata daban, duk masu wasan wuri ɗaya suke. Tun 2016 ana shiga kyauta, sai dai an taƙaita jiragen da mai kyauta zai iya tuƙawa. Abin da ya raba shi da Free Fire da yaran fadarmu ke bugawa a salula shi ne asara. Can in an kashe ka sai ka sake shiga, komai ya dawo. Nan jirgin da aka fasa ya tafi ke nan, da bindigoginsa da kayansa, abin da bai ƙone ba kuma mai kisan ne zai kwashe. Kusan kowane jirgi wani ɗan wasa ne ya ƙera shi, wani ya yi dakonsa zuwa kasuwa, kai kuma ka saya da kuɗin wasan, ISK.

Niyyata in zuba duk abin da na tara a jirgi ɗaya babba mai kauri. Yaron ya hana. Ya ce in sayi ƙananan jirage samfurin Rifter da yawa, kayansu iri ɗaya, in sa a raina cewa dukansu sun riga sun mutu. Muka yi ta gardama har shayi ya huce. Na bi tasa, ina ƙunƙuni.

Litinin

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka yau ɗaurin kaya muka yi. Rifter jirgin Minmatar ne, ɗaya daga dauloli huɗu na wasan. A labarin, bayin daular Amarr ne da suka yi tawaye suka ƙwaci kansu. Jiragensu ba kyan gani, tsatsa da faci, amma akwai gudu.

Bindigogi uku ne a sama, ni kuwa a kansu idona yake. Yaron ya ce in bar su, faɗan yana gurabe uku na tsakiya. Na farko injin ƙarin gudu. Na biyu abin da muka sa wa suna dabaibayi: in ka ɗaura wa jirgi shi ba zai iya zabura ya bar wurin ba, sai dai hannunsa bai wuce kilomita 9 ba. Na uku taru, mai rage gudun abokin gaba da rabi ko fiye, daga kilomita 10. A ƙasa muka sa na'urar gyaran sulke da abin ƙara wa bindiga zafi. Muka yi wa kowane jirgi inshora, wadda ke mayar da wani abu daga kuɗin gangar jirgin kawai, ban da kayan da ke kansa.

Sai taswira. Kowane tauraro yana da lambar tsaro. Daga 1.0 zuwa 0.5 akwai ƴan sandan wasan, CONCORD, waɗanda ba sa hana laifi amma ba sa barin mai laifi ya tsira da jirginsa. Daga 0.4 zuwa 0.1 bakin daji ne, babu ƴan sanda sai bindigogin da ke gadin ƙofofi da tashoshi. Daga 0.0 zuwa ƙasa dokar daji, mai ƙarfi ke da iko. Na sa sunana cikin sojan sa-kai na Minmatar, wato daga yau ni da sojan Amarr kowa na iya buɗe wa kowa wuta ko'ina, CONCORD ba za su shiga tsakani ba.

Muna cikin haka ƙarfe 12 na rana wasan ya rufe. Kullum haka yake yi, ƙarfe 11 agogon GMT, na ƴan mintoci. Ya zo daidai da tuwon rana.

Talata

Bayan isha muka nufi Amamake, ƙofofi kaɗan daga Rens, wurin da ya yi suna da ƴan fashi. A yankin yaƙin Minmatar da Amarr akwai ƙananan sansanoni masu ƙofar da ba ta barin babban jirgi ya shiga. Nan sabon shiga ke samun daidai da shi, ko abin da yake zaton daidai da shi ne.

Na shiga ɗaya na tarar da jirgi a ciki, samfurin Condor. Ya riga ni zuwa, ya koma can nesa da bakin shiga ya zauna. Ina sauka ya ɗaura mani wani irin dabaibayi mai dogon hannu, wanda ke kaiwa kilomita 20 zuwa 24, ya fara kewaya ni yana aiko da makamai masu linzami. Na kunna injin gudu na bi shi, ya ja baya. Na juya in gudu, ya biyo ni. Harsashina ko kusa da shi bai je ba. Garkuwa ta ƙare, sulke ya ƙare, gangar jiki ta soma ja, yaron yana tsaye a kaina yana ta faɗi:

"Kawu, zaɓi wata duniya, kowace ce! Danna, yi ta dannawa!"

Dalili kuwa, in jirgi ya fashe matuƙi yana fitowa cikin wani ɗan ƙwanso, shi ma ana iya fasa shi, sai ka farka a tasharka ta asali. In ka riga ka zaɓi wurin gudu kana danna maɓallin zabura, ƙwanson kan tsere kafin a kama shi. Nawa ya tsere. A zauren hirar tauraron mutumin ya rubuta haruffa biyu, gf, gaisuwar da ake yi bayan faɗa, na mayar masa. Abin da ban yi tsammani ba shi ne hannuna. Rawa yake yi, na kasa riƙe kofin shayi. Mutum da furfura a gemu, a kan jirgin da ba ya nan! Yaron ya ce duk wanda ya fara haka yake yi, wasu ma rawar hannun ce ta riƙe su a wasan shekara da shekaru.

Laraba

Kowane jirgi da aka fasa yana barin takardar mutuwa: wanda ya kashe shi, da wane makami, me ke kansa, me ya ƙone, me ya faɗi. Yawancin takardun suna taruwa a zKillboard, inda kowa zai iya duba tarihin kowa. Muka duba mutumin jiya. Ya daɗe a sana'ar, kuma kusan kullum da jirgi iri ɗaya, a irin wurin nan.

Yaron ya ce in rubuta masa in tambaye shi yadda aka yi. Na ga abin da nauyi, wanda ya kashe ka kuma ka je neman karatu wurinsa? Amma na rubuta, yaron ya juya mani zuwa Ingilishi. Ba a jima ba amsa ta zo, doguwa, har da ISK da ya fi kuɗin jirgin da na rasa. Ashe al'ada ce a wurin da yawa daga cikinsu, domin sabon da ya dawo gobe shi ne abokin faɗan jibi.

Abin da ya ce, a taƙaice, faɗan ya ƙare tun kafin in shiga ƙofar. Kowane jirgi yana da tazarar da yake so. Nasa na nesa ne, nawa na kusa. Wanda ya riga shiga sansani shi ke zaɓen tazara: mai faɗan kusa ya zauna daidai inda baƙo zai sauka ya cafke shi nan take, mai faɗan nesa ya ja baya ya jira. Kuma akwai na'urar leƙe a kowane jirgi, tana nuna samfurin kusan duk jirgin da ke kewaye har nisan da ya ninka tazarar rana da duniya sau 14. In ka ga Condor a ciki, ka wuce abinka. In kana ciki ka ga jirage uku sun nufo ka, ka tashi. Ya ce yatsa ɗaya aikinsa ke nan, danna leƙe kowane ƴan daƙiƙoƙi.

Na yi ta tunanin wannan har dare. Na zo da zaton faɗa saurin hannu ne, ga shi rabinsa sanin sunayen jirage ne da abin da kowanne ke iyawa, wato hadda, abin da muke sa yara a lakwal. Akwai kuma wani abin da ya yi mana daɗi mu na nan. Babbar kwamfutar wasan sau ɗaya take lissafi a kowace daƙiƙa, ta tattara umarnin kowa ta zartar tare. Saboda haka ɗan jinkirin rezo da ke sa a harbe yaranmu a Free Fire kafin su ga maharbi bai cika yin illa a nan ba. Wasan kuma ba ya shan kuɗin intanet sosai in an riga an sauke shi. Saukewar ce mai nauyi, ita kuwa a Yamai aka yi ta.

Alhamis

Jinkiri daban, yankewa daban. Yau na riga shiga sansani, na zauna a bakin shiga, wani jirgi samfurin Incursus ya sauko, na ɗaura masa dabaibayi da taru, shi ma ya ɗaura mani. Bindigoginsa na gab da gab ne masu zafi ƙwarai, don haka na riƙe shi a kilomita 7, inda nawa ke kaiwa nasa kuwa da ƙyar. Sulkensa ya kai rabi sai rezo ya ɗauke. In mutum ya yanke, jirginsa kan yi ƙoƙarin zabura da kansa, amma mai dabaibayi a ƙafa ba ya zuwa ko'ina, kuma wanda ya taɓa faɗa jirginsa na zama a fili minti 15 ko ba ya nan. Da rezo ya dawo a tasha na farka.

Mun yanke shawara: a riƙa cika batirin ordinata da pano tun da rana, salula kuma a rataye ta a tagar gabas, inda ta fi kamawa.

Juma'a

Bayan an sauko daga masallaci muka zauna a fada, yara suna ta ba da labarin jirgina da aka fasa, kowa da ƙarin gishirinsa. Wani dattijon unguwarmu da ke wucewa ya tsaya ya saurara, sannan ya dube ni.

"Mushe, yaƙin da ke bayan gari bai ishe ku ba, sai kun sayo wani a cikin na'ura?"

Fada ta yi tsit. Tun 2017 sassan jihar Tilaberi ke cikin dokar ta-ɓaci, kuma babu wanda ke zaune a wurin da bai san gidan da aka yi wa ta'aziyya ba, ko dangin da suka baro ƙauyukan arewa, wajen Abala da Banibangu. Na ce, "Baba, gaskiyarka. Sai dai wannan ba jini, wanda ya kashe ni jiya shi ya koya mani yau." Ya girgiza kai, bai gamsu ba, ya ce Allah ya kyauta, ya wuce.

Tambayar ta bi ni gida. Ƙasar nan ta san hari tun kafin Nasara. A ƙarni na 19 Dallol Boso fagen kai-da-kawo ne tsakanin Kurfayawa da Zabarmawa da Buzayen Imanan da Tagazar, har sarautar Kurfai ma Mayaƙi ake ce mata. Tsofaffinmu ba su ɗauki wannan abin wasa ba, kuma ban ga laifinsu ba. Ra'ayina dai, abin da ke cikin na'urar ya fi kusa da lissafi da ciniki fiye da kisa, kuma saurayin da ya kwana yana auna tazarar jirage ya fi mani wanda ya kwana a waje cikin wannan zamani. Amma na hana yara faɗin "na kashe" da ƙarfi in manya na kusa. Su ce "na fasa jirgi".

Asabar

Ɗaurin aure a Fandu, ƙasar Tondikandiya, mahaifar marigayi Seyni Kunce da ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987. Muka bi ta Bonkuku, lambunan dankalin turawa sun yi kore shar a cikin dallol. Ba wasa yau. Sai dai matuƙin jirgina yana karatu ko ba na nan, domin a EVE ƙwarewa da agogo take tafiya, ba da yawan harbi ba. Kafin mu fita na sa shi koyon ƙure injuna, wato tura bindiga ko injin gudu fiye da ƙa'ida na ɗan lokaci, da sharaɗin in ka daɗe su ƙone.

Lahadi

Yau na fita cikin ayari. Yaron yana cikin wata ƙungiya ta masu jin Faransanci, ya roƙa aka bar ni in bi su. Irin waɗannan ƙungiyoyi masu karɓar sababbi suna da yawa, mafi daɗewa cikinsu EVE University tun 2004 take koyarwa. Sai da na yi isha tukuna, domin wasan ba shi da tsayawa, kuma wanda ya yi harbi ba ya iya shiga tasha ko ƙofa sai bayan daƙiƙa 60. Mai son ya tashi salla sai ya shirya tun da wuri.

Ayari yana da madugu, muryarsa kaɗai ake ji. Namu ɗan Beljika ne, mai magana a hankali. Shi ke cewa a tsallaka, a tsaya, a harbi wane, sauran kuwa shiru sai mai leƙen hanya. Ni aikin da aka ba ni shi ne aikin kowane sabo: in an ga jirgi in ruga in ɗaura masa dabaibayi, in faɗa da baki cewa na kama, in yi ta kewaya shi har manya su iso. Jirgi mai arha ne ke riƙe mai tsada. Muka ci karo da wani babban jirgin Amarr a bakin ƙofa, madugu ya ce a kama, na ruga. Ya saki ƙananan jirage marasa matuƙi suka yi kaina, amma kafin su gama da ni ayarin ya sauko. Shi ya fashe, ni ma na fashe. Sunana ya fito a takardar mutuwarsa, kuma kafin in koma tasha an aiko mani da kuɗin wani Rifter daga asusun ƙungiya.

A hanyar dawowa suka shiga labarin manyan yaƙoƙi. A Janairun 2014, a tauraron B-R5RB, wata ƙungiya ba ta biya kuɗin riƙon yankinta a kan lokaci ba, abokan gaba suka afka, aka yi awa 21 ana gwabzawa, jirage mafi girma da ake kira Titan guda 75 suka ƙone. A ƙarshen Disamban 2020, a M2-XFE, Titan 257 aka rasa, littafin bajinta na Guinness ya ƙiyasta asarar da dalar Amurka 378,012, fiye da sefa miliyan 200. In mutane suka yi yawa haka wasan kan rage gudun lokaci har zuwa kashi 10 cikin 100, abin minti ɗaya ya ci minti goma. Wani a ayarin ya ce yana wurin, kuma abin da ya fi tunawa shi ne ciwon baya. Ni dai ban ji sha'awar irin wannan ba. Cikin dubbai kai lamba ce kawai. Ƙaramin faɗa, inda kowane motsi naka ne, ya fi mani.

Litinin

Na riga shiga sansani, na zauna a bakin shiga. Na'urar leƙe ta nuna Punisher shi kaɗai. Yanzu na san shi: jirgin Amarr ne mai kaurin sulke, bindigoginsa na haske ne masu shan batir, kuma gurabensa na tsakiya biyu ne kawai, ba zai iya ɗaukar injin gudu da dabaibayi da taru gaba ɗaya ba. Tazara ke nan a hannuna take. Na sauya harsashi zuwa Fusion mai fashewa, wanda sulke ba ya jurewa, shi ma sauyin daƙiƙa 10 yake ci, dole a yi shi kafin baƙo ya sauka.

Ya sauko, na kama shi, na matsa har mita 500 ina kewaya shi da gudu. Bindiga tana da iyakar saurin juyawa, in kana zagaya ta kusa-kusa da sauri sai ta riƙa kuskure, nawa kuwa sun fi nasa saurin bin abu. Duk da haka ya taɓa ni sosai a farko. Na ƙure bindigogi, ina kallon zafinsu yana hawa, ina kunna gyaran sulke ina kashewa don kada batir ya ƙare. Faɗan ya yi tsawo, ko kuwa ni na ga tsawonsa. Yaron yana bayana ya yi gum, ko tari babu. Sulkena saura kaɗan nasa ya ƙare, sai haske, sai tarkace.

Na duba takardarsa, sabo ne kamar ni, kayansa ma ba su dace da juna ba. Na rubuta masa gf, na aika masa da kuɗin jirginsa da ɗan bayanin na'urar leƙe, da Faransancina, ko zai gane. Na kwashe abin da ya faɗi na bar wurin da sauri, domin leƙe ya nuna wasu uku sun nufo.

Talata

Gobe yaron zai koma Yamai, motar safe. Muka zauna muka yi lissafi. Jiragen da na saya ranar kasuwa sun kusa ƙarewa, amma da inshora da kyautar mutane da ladan tsare sansanoni, abin da ke asusuna bai ragu ƙwarai ba. Da babban jirgin nan na saya, dare ɗaya zai tafi, in koma fasa dutse ban koyi komai ba. Shawararsa ta yi, ko da yake ban faɗa masa ba, kada kansa ya kumbura.

"Kawu, in na tafi kada in dawo in tarar da kai a wurin duwatsu."

Na ce ya tafi abinsa, Allah ya kiyaye hanya, ya gaishe da mutanen Yamai.

Abin da ya rage shi ne abokin fita, domin jirgi biyu sun fi ɗaya nesa ba kusa ba, ɗaya ya kama ɗaya ya buga. Duk wanda ke Filinge ko Damana ko Balleyara mai ordinata da ɗan Faransanci ko Ingilishi, ya zo fadarmu bayan isha da faifan ajiya in kwafa masa wasan, ba sai ya kashe jikkunansa wurin saukewa ba. Rifter na farko ni zan saya masa.